Takarda da biro, manhajar waya ko safar ƙafa: da wanne za ki bi diddigin baccin jaririnki?

Ki tambayi duk mai goyon da yaronta ke ba ta wahala da dare sau nawa ya tashi jiya, amsar da za ki ji ita ce wallahi ban runtsa ba. Kuma ba ƙari ta yi ba, haka jikinta ke gaya mata. Matsalar ita ce in ta je asibiti da wannan amsar babu abin da nas ko likita zai iya yi da ita, ita ma kanta ba za ta gane ko yunwa ce ke tada yaron ba, ko zafi, ko sauro, ko kuwa dogon baccin da ya sha a bayan yayarsa bayan la'asar ne ya dawo ya hana kowa sakat da daddare. Gajiya tana cinye lissafi, daren Litinin da na Laraba sai su haɗe su zama dare ɗaya a kanki. Shi ya sa ake cewa a dinga rubutawa. Toh amma da me? Akwai takarda da biro, akwai manhajojin waya irin su Huckleberry da Baby Tracker da Napper, akwai masu amfani da WhatsApp kawai, sannan ga na'urorin nan masu tsada da ake ta tallatawa a Instagram, safar da ake sa wa jariri a ƙafa da kyamarar da ake ratayawa saman gadonsa. Ni ra'ayina ba ɓoye ba ne, a yawancin gidajenmu takarda ta fi, amma akwai wadda manhaja za ta fi yi wa amfani, kuma gara ki ga dalilan ki zaɓa da kanki.

Kafin ma a zo kan zaɓi, ya kamata ki san me ake kira daidai, don mata da yawa suna ɗaga hankalinsu a kan yaron da lafiyarsa ƙalau. Hukumar Lafiya ta Duniya a shawarwarin da ta fitar a 2019 ta ce jariri daga haihuwa zuwa wata 3 yana bukatar baccin awa 14 zuwa 17 a cikin awa 24, daga wata 4 zuwa 11 awa 12 zuwa 16, ɗan shekara 1 zuwa 2 kuma awa 11 zuwa 14, kuma duk wannan har da baccin rana aka haɗa. Ki lura da faɗin tazarar, yaro mai awa 12 da mai awa 16 duk suna cikin layi, don haka ɗan maƙociyarki ba ma'auni ba ne. Sannan zancen wai yaro ya kwana har asuba bai motsa ba, wani bincike da aka yi a Kanada aka buga a mujallar Pediatrics a 2018 ya gano cewa a wata 6 kusan kashi 38 cikin 100 na jariran ba sa yin awa 6 a jere ba su farka ba, a wata 12 ma kusan kashi 28 haka suke, kuma masu binciken ba su ga wata alaƙa tsakanin wannan farkawa da koma-baya a ci gaban motsin jikin yaran ko basirarsu ba. Baccin jariri zagaye-zagaye yake yi, kowane zagaye bai cika wuce minti 50 zuwa awa ɗaya ba, kuma a ƙarshen kowanne yana ɗan tasowa sama, ya yi mutsu-mutsu, ya ɗan yi ƙara, wani lokacin ya koma da kansa in ba a yi saurin ɗaukarsa ba. Shi kuma sabon haihuwa bai ma san dare da rana ba tukuna, sai wajen wata 2 zuwa 3 jikinsa ke fara rarrabewa.

Wannan na ƙarshen yana da muhimmanci sosai ga zaɓinki. In kina cikin arba'in, ana ta wankan jego, 'yan barka suna shiga suna fita, kowa sai ya karɓi yaro ya gani, kada ki wahalar da kanki da lissafin bacci ta kowace hanya, babu wani tsari da za ki gano don babu shi tukuna. Abin da ya cancanci ƙirgawa a wannan lokacin shi ne shan nono, sau 8 zuwa 12 a awa 24, da jiƙa kunzugu ko pampas aƙalla sau 6 a rana in ya wuce kwana biyar. Lissafin bacci yana fara ba da ma'ana ne daga wajen wata 3 zuwa sama.

Toh, takarda. Ki sami littafin rubutu na 'yan makaranta, ki buɗe tsakiya inda shafi biyu ke kallon juna, ki ja layi daga sama zuwa ƙasa ki raba shi gida 24, kowane gida awa ɗaya, kowane layin kwance kuma rana ɗaya ce. In yaro ya yi bacci sai ki cike gidajen da biro, in ya farka ki bar su fari. Ki ɗan sa harafi a inda ya dace, N in ya sha nono, K in ya yi kuka mai tsawo, G in a goye ya yi baccin, W in an ɗauke wuta. Shikenan. Bayan sati ɗaya zuwa biyu in kika ɗaga littafin nesa da fuskarki za ki ga baƙi da fari sun jeru, za ki ga da idonki inda farin ke maimaita kansa kullum a wuri guda. A ce misali layin Talata ya nuna bacci daga bayan isha'i zuwa ƙarfe 12, sai W, sai K, sai fari har ƙarfe 2, layin Laraba ya nuna ba a ɗauke wuta ba kuma ya zarce har 3, layin Alhamis ya sake nuna W da K tare. Kinga wannan ba ya bukatar wani masani, fanka ce ke tsayawa zafi ya tada shi, musamman a watannin Maris zuwa Mayu da ɗaki ke zama kamar ba za a kwana ba, kuma maganin yana wajen rage masa kaya, buɗe taga bayan an tabbatar gidan sauro ya rufu da kyau, ko fankar caji in da hali.

Babban abin da ya sa nake fifita takarda shi ne yadda ake rainon yaro a gidajenmu. Yaron Bahaushiya ba a hannu ɗaya yake wuni ba. Da safe yana wajenki, kina ɗora tukunya ƙanwar mijinki ta goya shi, bayan azahar yana ɗakin kaka, da yamma wata yarinya ta saɓa shi a baya ta fita tsakar gida, kuma a duk waɗannan wuraren yana bacci. In goyon fari ne kin tafi gida wanka ma ba a magana, Hajiya ce ke riƙe da shi rabin wuni. Waya a hannunki take ke kaɗai, ko tana caji a maƙota, amma littafi in an rataye shi a ƙusa da biro a ɗaure a jikinsa kowa zai iya sa hannu. Wadda ba ta yi boko ba za ta iya ja layi, ko ta rubuta da ajami, ko ta faɗa wa yaron gida ya rubuta. Kuma ba sai an duba agogo ba, lokutan salla sun isa: ya kwanta ana kiran azahar, ya tashi kafin la'asar, ya sake ɓingirewa dab da magariba. Cikin sati biyu lokutan salla ba sa matsawa da yawa, don haka ma'auni ne mai kyau kuma kowa a gida yana jin sa. Ki ce wa kaka, Hajiya don Allah in ya yi bacci a wajenki ki riƙe min wace salla ce ta fi kusa, za ta riƙe, ta ma fi ki riƙewa.

Baccin goyo shi ne wanda aka fi mantawa da shi, kuma shi ne ke rikita lissafi. Uwa za ta rantse yaronta ba ya baccin rana kwata-kwata, nufinta ba ya kwanciya a katifa, alhali in aka haɗa minti 40 da ya yi tana wanke-wanke da awa ɗaya da ya yi a bayan yayarsa da wanda ya yi a Keke Napep hanyar kasuwa, ya sami awa 3 ko fiye. In ba a rubuta waɗannan ba, sai a ɗauka yaro yana fama da ƙarancin bacci a yi ta ƙoƙarin kwantar da shi da wuri, shi kuma bai gaji ba, sai kuka.

Takarda tana da nata rauni, ba zan ce babu ba. Ƙarfe 3 na dare cikin duhu, ido a rufe, yaro a ƙirji, neman biro aiki ne, yawancin mata sai da safe suke cikewa daga abin da suka tuna, kuma abin da aka tuna ba ya cika daidai. Binciken da aka yi ana kwatanta rubutun iyaye da na'urar auna motsi da ake ɗaura wa jarirai ya sha nuna cewa iyaye ba sa kama duk farkawar dare, kuma sukan ƙara wa baccin tsawo. Wannan bai dame ni sosai ba, tunda farkawar da ba ta tashe ki ba ai ba ita ce matsalarki ba. Sai kuma haɗa jimla, dole ki zauna ki ƙirga awannin da kanki. Yayyensa ma za su iya yaga littafin ko su zane shi, ki rataye shi sama.

Manhajar waya ta fi ƙarfi daidai inda takarda ta gaza. Kina danna maɓalli ɗaya agogo ya fara tafiya, ya farka ki sake dannawa, ita za ta haɗa jimlar wuni, ta zana miki jadawali mai launi, ta riƙe wane nono ya sha na ƙarshe, dama ko hagu, wanda duk mai shayarwa ta san yadda yake ɓacewa a kai. Wasu suna bari mutum biyu ko uku su shiga asusu ɗaya, ke da maigida da mai raino, kowa yana ganin abin da ɗaya ya sa. Ga ma'aikaciyar da hutun haihuwarta ya ƙare ta koma ofis ko asibiti ko makaranta, yaro yana wajen mai raino ɗaya da ke da waya kuma ta iya karatu, gaskiya wannan ya fi takarda, don kina wurin aiki kin san ya yi baccin safe ko bai yi ba, kin san da wane irin yaro za ki tarar da yamma. Haka wadda ke zaune a Abuja ko Legas ko wata ƙasa ita da mijinta kaɗai babu dangi kusa. Haka mai 'yan biyu, don lissafin yara biyu a ka ba ƙaramin abu ba ne.

Sai dai ki san abubuwa kaɗan kafin ki sauke. Rubutawa kyauta ce a yawancinsu, amma abin da suke jan hankali da shi, kamar hasashen Huckleberry da suke kira SweetSpot mai gaya miki lokacin da ya kamata ki kwantar da shi, yana cikin tsarin da ake biya, kuma farashin da dala aka yanka shi, ki lissafa da canjin naira ko sefa na yau ki ga ko bai kai kuɗin pampas na wani lokaci ba. Yawanci Turanci ne harshensu, mai rainon da ba ta jin sa za ta danna ba daidai ba ko ta daina dannawa. In an manta ba a tsayar da agogo ba, sai ki wayi gari manhaja ta rubuta yaro ya yi awa 11 a jere, duk jimlar satin ta lalace sai kin koma kin gyara da hannu. Ga caji, ga data ga masu bukatar intanet kafin su haɗa wayoyi biyu. Ga sunan yaronki da ranar haihuwarsa da hotonsa da kike miƙa wa wani kamfani, ni dai shawarata ki sa laƙabi kawai, ba sai da hoto ba.

Amma abin da ya fi damuna da manhaja ba kuɗi ba ne. Na farko, wayar kanta. Kin buɗe ta ƙarfe 2 na dare don ki danna ya farka, sai ga saƙo a WhatsApp, sai ki leƙa TikTok kina jiran ya gama shan nono, ya gama ya koma bacci ke kuma ido ya bushe har kiran assalatu. Hasken sikirin a fuskar yaro ma ba taimako yake ba a lokacin da kike so jikinsa ya koyi cewa dare duhu ne. Na biyu, hasashen. Waɗannan manhajoji suna aiki ne da matsakaicin lokacin da yaro mai wata kaza ke iya zama a farke, kamar awa ɗaya zuwa biyu ga ɗan wata 3, awa 2 zuwa 3 ga ɗan wata 6, kuma ƙiyasi ne mai amfani amma ba doka ba ce. Idan waya ta yi ƙara ta ce saura minti 10, uwa ta bar tuwo a wuta ta shiga ɗaki tana jijjiga yaron da idonsa tar yana dariya, ta shafe minti 40 tana fama, ta fito tana ganin ta gaza, toh manhajar ta ƙara mata ciwo ne. Yaron yana da alamunsa: hamma, murza ido, jan kunne, kau da kai daga mai yi masa wasa, kallon wuri ɗaya shiru. Kaka tana gane su daga nesa. In kika ga kin fi kallon waya a kan fuskar yaron, ki goge ta.

Akwai hanya ta tsakiya da nake ganin ta dace da mu sosai kuma ba a cika maganarta ba, WhatsApp ɗin da kowa ke da shi. Ki buɗe guruf ke da maigida da duk mai riƙe yaron, ko ki dinga tura wa kanki saƙo. Ya yi bacci ki tura b, ya tashi ki tura t, WhatsApp da kansa zai manna lokaci a jiki. Wadda ba ta rubutu ta yi bois not na sakan uku, Anti ya yi bacci yanzu a bayana. Ba sabon abu da za a koya, ba kuɗin wata. Illarsa kawai ba ya zana miki komai, dole ranar Asabar ko Lahadi ki zauna ki kwashe lokutan zuwa cikin layukan littafi kafin ki ga tsarin, kuma jarabar leƙa sauran saƙonni da dare tana nan. Da yawa za su fi jin daɗin haɗawa, WhatsApp da rana lokacin da yaro ke yawo hannu-hannu, littafi da ƙaramar tocila da dare.

Na'urori kuwa, a nan nake so a yi hattara da kuɗi da kuma zuciya. Safar Owlet tana auna bugun zuciya da iskar oksijin ta hasken da take haskawa a fatar ƙafa, farashinta ya kai kusan dala 300 kafin kuɗin kawowa. A 2018 likitoci a asibitin yara na Philadelphia sun gwada irin waɗannan na'urori guda biyu a kan jarirai 30 suka buga sakamakon a mujallar JAMA, samfurin Owlet na lokacin yana gano raguwar oksijin amma ba kowane lokaci ba, ɗayar mai suna Baby Vida kuwa ba ta gano ko sau ɗaya ba, tana kuma nuna bugun zuciya ya yi ƙasa alhali lafiya lau yake. A 2021 hukumar FDA mai kula da abinci da magunguna ta Amurka ta aika wa Owlet takardar gargaɗi har suka dakatar da sayar da wancan samfurin a can, sai a 2023 sabon samfurinsu Dream Sock ya sami amincewar hukumar. Don haka an sami ci gaba, a faɗi gaskiya. Duk da haka ƙungiyar likitocin yara ta Amurka a shawarwarinta na 2022 ta ce kada iyaye su dogara da na'urorin sa ido na gida a matsayin kariya daga mutuwar fuju'ar jarirai a cikin bacci. Sannan wani bincike da aka buga a 2020 ya nuna na'urorin auna oksijin ta fata sun fi yin kuskure a kan baƙar fata, suna nuna lamba mai kyau alhali oksijin ya yi ƙasa, wannan kuwa mu ya shafa kai tsaye. Ƙari a kan haka safar tana so a yi mata caji, akwatinta yana so a jona shi da wuta, manhajarta tana son Wi-Fi. Kyamara irin Nanit kuma an ƙera ta ne don yaron da ke kwana shi kaɗai a gadonsa ana hango shi daga sama, ba yaron da ke gefen uwarsa cikin gidan sauro ba. Kuma duk tsadarsu ba za su gaya miki dalilin farkawar ba, za su ce ya farka ne kawai, abin da kin riga kin sani. In yaro bakwaini ne ko yana da ciwon zuciya ko na numfashi kuma likitansa ya ce a sa masa na'ura, wannan daban ne, a bi likita. Ga lafiyayyen yaro, wannan kuɗin ya fi amfani a katifa mai tauri, gidan sauro mai magani da fankar caji.

Tunda an zo nan bari in faɗi abin da ya fi kowace na'ura kare yaro. A kwantar da shi a rigingine duk lokacin bacci, ba rub da ciki ba, ba a gefe ba. Tun da aka fara wannan kamfe a Amurka a 1994 mutuwar fuju'ar jarirai ta ragu da fiye da rabi. Shimfiɗa ta zama mai tauri a miƙe, ba filo, ba tulin bargo ko da hunturu ne, fuska a buɗe. Likitocin Amurka sun fi son ɗaki ɗaya amma shimfiɗa daban aƙalla wata 6 na farko. Na san yawancinmu tare muke kwana da su, toh in haka ne kada a taɓa yin bacci da jariri a kan kujerar kushin, kada ya kwana tsakanin manya biyu ko kusa da yayyensa masu juyi, kada a kwana da shi in akwai mai shan taba ko wanda ya sha maganin da ke sa bacci, ko in an haife shi bai kai wata tara ba ko nauyinsa bai kai kilo 2.5 ba. Garwashi a rufaffen ɗaki don ɗumama mai jego da hayaƙin janareta kusa da taga duk suna kisa ba tare da an ji wari ba.

Ko wacce hanya kika ɗauka, ki shiga da tambaya ɗaya kuma ki yanka ranar dainawa. Sati biyu sun isa. Me ya sa yake tashi ƙarfe 1 ya ƙi komawa, ko me ya sa magariba ke zama lokacin kuka. Abubuwan da rubutu ya fi tonowa kaɗan ne kuma suna maimaituwa a gida-gida. Baccin yamma da ya zarce har magariba, sai dare ya ja, maganinsa a tashe shi a hankali ko a matso da baccin baya. Ko akasin haka, yaro ya wuni a farke tun la'asar har bayan isha'i saboda ana jiran babansa ya dawo ya gan shi, ya gaji ya wuce misali, sai ya kasa kwanciya ya yi ta firgita, a nan sai a roƙi maigida ya dinga wasan da shi da safe. Ko ki ga N a kowace awa duk dare ga ɗan wata 8 da ke cin abinci da rana, wannan yawanci sabo ne, da nono a baki ya saba yin bacci, duk ƙarshen zagaye sai ya nemi abin da ya kwanta da shi, sai ki fara gwada cire shi kafin ya yi nisa ki ƙarasa da shafa baya. Ko kukan yamma na ɗan sati 6 da ke lanƙwashe ƙafa, wanda yakan kai ƙololuwa a wannan lokacin ya lafa wajen wata 3 zuwa 4. Ranar rigakafi ma ki sa mata alama, sati 6, 10 da 14, don yaro kan yi ɗan zazzaɓi ko rigima ko ya yi bacci fiye da kullum kwana ɗaya ko biyu, kada ki lissafa su cikin tsarin. In kin gano abin, ki canza abu ɗaya tak ki ba shi kwanaki kafin ki taɓa wani, in kika canza uku lokaci guda ba za ki san wanne ya yi aiki ba. Fitar da shi hasken safiya da rage haske da hayaniya bayan isha'i, da wanka da shafa mai a lokaci ɗaya kullum, suna taimaka wa kusan kowane yaro.

Abin da nake roƙo da babbar murya, kada sakamakon lissafin nan ya kai ki kemis neman abin sa bacci. Ana ba jarirai Piriton ko Phenergan don a samu a huta, alhali Phenergan an hana bai wa yaron da bai kai shekara 2 ba saboda yana iya danne numfashi har a rasa rai. Maganin haƙori ma da ake ɗura wa yara duk sanda suka yi rigima, mu tuna My Pikin a 2008, gurɓataccen sinadari a cikinsa ya kashe yara sama da 80 a Najeriya. Zuma ba a ba wa wanda bai shekara ba, jiƙe-jiƙe kuma ba a san ƙarfinsu ba a jikin da bai kai kilo 7 ba.

Kuma akwai lokacin da ba a tsayawa rubutu. Jariri ƙasa da wata 3 da zafin jikinsa ya kai 38, ko wanda ya ƙi kama nono, ko yana numfashi da sauri sau 60 ko fiye a minti ɗaya in bai kai wata 2 ba, ko haƙarƙarinsa na lotsawa, ko jijjiga, ko idonsa da tafin hannunsa sun yi rawaya, ko baccin ya yi nauyi har ana tashinsa da ƙyar, asibiti za a nufa a wannan lokacin ko da tsakar dare ne. Yaron da ya yi shiru ya cika bacci fiye da yadda ya saba wani lokacin ya fi mai kuka haɗari, musamman da damina lokacin zazzaɓin cizon sauro. Minshari mai ƙarfi kullum da ɗaukewar numfashi a bacci, ko rashin ƙaruwar nauyi a katin awo, su ma na likita ne. In za ki je kan matsalar baccin kanta, ki tafi da littafin ko ki ɗauki hoton jadawalin manhajar na sati biyun, ki haɗa da katin rigakafi, ki kuma rubuta a gefe duk wani magani ko jiƙo da aka ba shi a kwanakin, har wanda wani a gida ya ba shi ba da saninki ba sai daga baya kika ji.